Kabewa a Bakin Raga

Duk tsawon shekarun da na yi a aikin fili, akwai safiya guda da ta ƙi fita daga raina, wato safiyar da na fito daga masallaci na tarar filin ƙwallonmu ya zama lambu. Tun da kun dame ni sai na ba ku labarin, ku da kuka zo kuka tarar da famfon feshi da injin yankan ciyawa a wannan sitadiyam, bari in faro muku daga tushe. In ba haka ba za ku ɗauka a hannun mahaukata na koyi aiki.

A ƙarshen shekarun 1980 ni ne mai kula da filin wata ƙaramar ƙungiya a cikin birnin Zariya, daf da Ƙofar Kuyambana. Tana da sunanta na takarda, amma ba mai kiran ta da shi. 'Yan Allura kowa yake cewa, don masu ɗinkin hannu ne suka kafa ta, waɗanda suke zama a zaure suna yi wa manyan riguna aiki. A tsarin ƙungiya akwai shugaba, sai sakatare, sai koci, sai mai kula da kaya, sannan ni a can ƙarshe. Aikina in share fili, in tsince duwatsu da ƙaya, in ja igiya in zuba layi da farar ƙasa, in ta ƙare in yi da toka. Ranar wasa in ɗaura raga, in kwance ta kafin magariba don kada awaki su yi kalaci da ita. Shi ya sa ake ce mini Sule Layi. Har matata, in ranta ya ɓaci, haka take kira na.

Filin kuwa jar ƙasa ce tsura, ta sha tako har ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Ganuwa tana yamma da shi, wani babban kududdufi yana gabas, a arewa kuma gidan Alhaji Tanimu, wanda ya kafa ƙungiyar kuma yake shugabantar ta. Dattijo ne dogo, mai ƙarancin magana, duk unguwar ba wanda ya kai shi iya ɗinki. Ranar wasa yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar zaurensa, riga a cinya, allura a hannu, ido a fili. Ba ya ihu, ba ya tafi. In an ci mu sai ka ga allurar ta ƙara sauri. In mun ci sai ya ɗaga ta sama, ya tsaya haka ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da ɗinkinsa. Tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa buga wasa a filin nan bai gani ba.

Shekarar da nake ba ku labari, har yau in na tuna ta sai in ji kamar a mafarki na gan ta. Muna ƙaramin rukuni, yaranmu teloli ne da masu faci da 'yan kasuwar hatsi. Amma a gasar kofin ƙasa, wadda babba da ƙarami kowa yake shiga, sai muka yi ta kayar da na gaba da mu. Ƙungiyoyin kamfanoni suka riƙa zuwa da motocinsu masu labule, su sauka suna kallon filinmu suna dariya, su koma ba mai yi wa wani magana. Ƙwallo a kan ƙasarmu tsalle take yi irin nata, yaranmu kaɗai suka san inda za ta sauka. Da aka koma buga zagayen gaba a manyan filaye muka ce to, ƙarya ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Muka wayi gari muna wasan ƙarshe a Legas.

Alhaji bai je ba. Ana ƙarshen damina, saura kaɗan a tafi, ya faɗi a bakin rijiyar gidansa yana alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, baki ma ya ɗan karkace. A rediyo ya ji an tashi canjaras, a rediyo ya ji golanmu ya tare fenariti na ƙarshe. Da aka dawo da kofin, kafin a kai shi ko'ina sai da aka shiga da shi zaure, inda aka mai da gadonsa don ya riƙa hango fili ta ƙofa. Ya shafa kofin da hannun hagu, ya ce wanda ya yi wa hannun kofin walda ba gwani ba ne. Muka yi dariya, wasu kuma suka fita waje suna share ido.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, wanda ya ci kofin ƙasa shi yake wakiltar ƙasa a gasar nahiyar Afirka a shekara mai zuwa. Wasa biyu ake yi da kowace ƙungiya, ɗaya a gidanka, ɗaya a gidanta. Amma kafin a yarda ka karɓi baƙi sai an turo mai duba fili. In filinka bai cika sharaɗi ba, sai a ɗauke wasan gidanka a kai babban sitadiyam mafi kusa, mu kuwa namu Kaduna ne. Likita kuma ya riga ya ce kada a kuskura a ɗora Alhaji a mota zuwa ko'ina.

Sakatarenmu, Malam Yusha'u, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, mai son Turanci kamar ransa. Shi ya dawo daga miting ya kawo bayanin zaure, ina tsugune daga bakin ƙofa.

"Me suke so?" in ji Alhaji. Maganar tana fita da ƙyar.

"Abubuwa ne da dama, Alhaji. Amma babba a ciki ciyawa. Ba sa buga intanashinal a kan ƙasa."

"Ciyawa." Ya kalli fili ta ƙofa. "Sule, ka ji ko? Ciyawa suke so. Abin da ko akuya ta san inda ake samu."

"Na ji, Baba."

"Ba zan iya zuwa wurinsu ba. To, su zo wurina. Baƙin nan a ƙofar gidan nan nake so in gan su."

Da muka fito Malam Yusha'u ya ja ni gefe ya ce, "Sule, ka san wannan abu imfosibul ne ko? Akwai maganar katanga, akwai wurin zaman 'yan kallo, akwai ɗakin sa kaya."

Na ce, "To me ya hana ka gaya masa, Malam?"

Ya ce, "Kai me ya hana ka?"

Daga nan ba wanda ya sake tayar da zancen. Muka riƙe ciyawa, muka bar sauran a hannun Allah.

Ni a lokacin ko barkono ban taɓa shukawa ba. Sai na nemo Malam Iro, wani manomin rani daga ƙauyen bakin rafi, wanda yake kawo albasa kasuwa. Ya zagaya filin, ya doki ƙasa da diddige, ya tsuguna ya murza ta, ya ce, "Wannan ƙasa ba mutuwa ta yi ba, yunwa ce da ƙishi. A fasa ta, a ba ta taki, a ba ta ruwa. Ni zan kawo kiri-kiri daga fadama." Kiri-kiri ita ce ciyawar nan mai rarrafe da manoma suke tsine wa don ba ta jin fartanya. Ina jin ranar ce ta farko da wani ya neme ta da mutunci.

Bayan an fasa ƙasar sai ya yanka filin fangali-fangali, yadda ake yi wa albasa: ƙananan gadaje masu kusurwa huɗu, kowanne da ɗan tudu kewaye da shi don ruwa ya kwanta a ciki. Na ce masa, "Malam Iro, ƙwallo fa birgima take yi." Ya ce, "In ciyawa ta kama sai mu baje. In ba a yi haka ba, duk ruwan da kuka ɗebo kududdufi zai koma." Na ga dai shi ne ya san ruwa, na ƙyale shi.

Taki kuwa, wasunku sun san yadda gidajen birni suke. Kowane gida yana da jujinsa a baya, inda ake tara toka da kashin tumaki da sharar tsakar gida da duk abin da ya ragu daga madafa. A bar shi ya ruɓe, in damina ta gabato masu jakai su kwashe su kai gona. Mutum yana iya ba ka aron rigar sallarsa ya hana ka takinsa. Amma da aka ji Alhaji Tanimu ne yake nema, gida-gida aka buɗe juji. Jakai suka yi ta fitowa daga lunguna da mangala cike, ɗaya bayan ɗaya, har jan filin nan ya koma baƙi.

Sai ruwa. Muka kafa jigon jan ruwa a bakin kududdufi, aka samo aron injin ban ruwa mai yini ɗaya yana aiki, biyu yana tari. Da kududdufin ya ja baya, rijiyoyin gidaje suka karɓa. Koci ya soke gudun safe, ya ce kowane ɗan wasa ya rataya garwa biyu a sanda, atisayen ke nan. Da asuba in an idar da salla sai ka ga mutane sun jeru daga masallaci zuwa fili, har liman da butarsa, ba mai magana, sai ƙarar ruwa yana zuba a ƙasa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riƙa shiga gidaje a tsakiyar rani, har tsofaffi suna leƙowa su dubi sama ko hadari ne ya haɗo. Balbelu suka zo, ban san wa ya gaya musu ba, suna takawa a hankali cikin fangali. Na so waɗannan safiyoyi fiye da yadda na so ranar da muka ci kofi, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba.

Tsiro ya fara leƙowa ke nan, siriri kore-kore, sai zazzaɓi ya kwantar da ni kusan mako biyu. Ranar da na samu ƙarfin zuwa masallaci, da aka fito na biyo ta fili in ga ciyawata.

Tana nan, ta kama. Amma ba ita kaɗai ba ce. A da'irar tsakiya alayyafo ne ya miƙe. Kusurwar da ake bugun kwana yakuwa ce da rama. Inda ake ajiye ƙwallo a buga fenariti tumatir ya fito cunkus, kuɓewa ta bi layin gefe, ga dawa nan da can, har ƙwallayen dabino sun tsago siririn ganye. A gindin turken raga na arewa kuma kabewa ta baje faffaɗan ganyenta, ruwan da aka zuba mata yana ƙyalli a kai. Duk abin da birni ya ci a shekara ya zubar da 'ya'yansa a juji, ga shi ya taso yana kallo na. Na daɗe a tsaye. Sai da na taɓa goshina in ji ko zazzaɓin ne bai sake ni ba.

Malam Iro yana can tsakiya yana murmushi. Na ce, "Malam Iro, mene ne wannan?"

Ya ce, "Albarka. Ai takin gida haka yake yi, wa bai sani ba?"

"Ka sani, ba ka faɗa ba?"

"In faɗi me? Ka zuba ruwa abinci ya fito, sai in kawo maka ƙara?"

Na ce a kawo fartanya a nome. Nan take fuskarsa ta canja. Ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi ciyawa yake cirewa ya bar abinci, ba zai tsufa ya koma cire abinci yana barin ciyawa ba, in na ga dama in nemo wanda ba ya tsoron Allah ya yi mini. Masu jakai suka goya masa baya. Kafin hantsi tsofaffin matan unguwa sun iso da ƙoransu, kowace tana gane nata. Gwaggo Asabe, mai tuwon sayarwa a bakin ƙofar gari, ta tsaya kan kabewar nan ta ce daga jujinta ta fito, ta san irinta, duk wanda ya taɓa ta su haɗu a gaban alƙali. Golanmu ya ce, "Gwaggo, nan fa wurin aikina ne." Ta ce, "To yi aikinka mana, ita ma nata take yi."

Dole aka kai magana zaure. Alhaji ya saurari kowa, sai ya fara dariya da rabin baki, karo na farko tun da ya faɗi, har sai da aka ba shi ruwa. Ya ce, "Kada a kashe, kada a bari. A ɗauke kowanne da ƙasarsa a dasa a gefe. A yi wa filin baki, yadda muke yi wa riga." Kabewa kuwa Malam Iro ya ce ba ta son dashe, don haka aka bar ta inda take, aka juya kanta bayan raga.

Haka aka yi. Masu ɗinki suka ajiye allura suka fito da wuƙaƙe da cokula, suna tono tsiro ɗaya-ɗaya suna kaiwa gefe a tafin hannu. Da muka zo baje tudun fangali sai muka tarar kiri-kiri ta riga ta saƙe shi da saiwa, in ka sare sai ka yage ciyawar. Muka cika duro da yashi muka yi ta birgina shi a kai, tudun ya kwanta amma bai ɓace ba. Injin yanka kuwa babu. Lauje muka sa, inda lauje ya bar tsayi teloli suka bi da almakashi a durƙushe, suna gardamar wa ya fi wani daidaita baki. Kafin bazara ta kankama fili ya yi kore shar a tsakiya, kayan miya sun kewaye shi. Mutane suka riƙa takowa har daga unguwar Gyallesu da yamma, ba don ƙwallo ba, su hau ganuwa su zauna suna kallon kore har rana ta faɗi.

Mai duba fili ya zo ana tsakiyar zafi, wani dattijo mai furfura daga ƙasar waje, da kwat ɗinsa da tafintansa. Ya tsaya a bakin layi ya cire tabarau. Ya zagaya a hankali, ya tsaya wajen kuɓewa ya tambayi sunanta. Sannan ya ce a ba shi ƙwallo. Ya ajiye ta ya tura da gefen ƙafa. Ta tafi tana ɗingishi, ta hau tudu ta sauka, ta hau ta sauka, kowane fangali sai ta gaishe shi, har ta tsaya.

Ya tambayi inda 'yan wasa za su sa kaya, muka nuna masa zauren maƙwabta. Ya tambayi inda alƙalin wasa zai fake in 'yan kallo suka fusata, Malam Yusha'u ya ce a nan ba a fusata a gaban Alhaji. Mutumin ya yi murmushi. Ta bakin tafinta ya ce ya ga filaye a ƙasashe da yawa, bai taɓa ganin wanda aka so kamar wannan ba, amma ba shi da ikon amincewa da shi. In ɗan wani ya karye a kan tudun nan, shi za a tambaya. Gwaggo Asabe ta miƙa masa ƙwaryar kuɓewa. Ya karɓa da hannu biyu, ya tafi da ita, wasanmu kuma ya koma Kaduna.

Ni aka tura in gaya wa Alhaji, wai ni ya ba aikin. Na tsuguna na faɗa. Sai ya ce a juya masa gadon ya fuskanci bango. Tun daga ranar ya daina tambayar fili, abinci ma sai an yi da gaske yake karɓa. Ban taɓa jin baƙin ciki a aiki irin na waɗannan kwanaki ba. Ni da Malam Iro muka ci gaba da ba ciyawar ruwa, don ba wanda ya iya ce wa ɗan'uwansa mu daina.

Baƙinmu wata ƙungiya ce daga ƙasar bakin teku, masu jin Faransanci. A Kano jirginsu ya sauka, kwana biyu kafin wasa, kuma ƙa'ida ita ce mai masauki ya tarbo baƙinsa ya raka su inda za su kwana. Malam Yusha'u aka tura. Hanyar Kano zuwa Kaduna kuwa ta Zariya ta bi. Daga baya ya gaya mini tun daga filin jirgi yake juya abin a ransa. Da suka iso gari sai ya miƙe tsaye a cikin mota, ya ce wa tafintan baƙin ya gaya wa shugabansu cewa a al'adar garin nan baƙo ba ya wuce ƙofar mai gida bai gaishe shi ba, mai gidan kuwa yana kwance ba lafiya. Shugaban ya dubi agogo, ya dubi kocinsa, ya ce to, amma ba za su daɗe ba.

Motar ba ta iya shiga lungu ba, da ƙafa suka ƙaraso. Ana bayan la'asar, yaranmu suna atisayensu na ƙarshe kafin su kama hanyar Kaduna, sai muka ga wasu dogayen mutane cikin kaya iri ɗaya suna fitowa daga lungu a jere, jama'ar unguwa a bayansu. Na ruga zaure na ce, "Baba, baƙi sun zo."

Bai juyo ba. Ya ce, "Waɗanne baƙi?"

Na ce, "Naka."

Muka ɗauko gadon da shi a kai muka ajiye a bakin layi. Suka zo ɗaya-ɗaya suna gaishe shi. Da suka ga hannun dama ba ya motsi sai suka riƙa kama na hagun da hannu biyu. Ba wanda yake jin yaren wani. Can wani daga cikinsu, da alama zaman jirgi da na mota sun ishe shi, ya zauna ya kwance takalmi, ya taka ciyawar ya lumshe ido. Na biyu ya bi shi. Golanmu ya gangaro musu da ƙwallo.

Kocinmu da nasu suka yi 'yar shawara. Ba a yarda ƙungiyoyin da za su kara su gwada juna kafin ranar ba, kuma kowa yana tsoron rauni. Sai suka ce a gauraya, rabin namu da rabin nasu a kowane ɓangare, ba takalmi, ba tarewa da ƙarfi. Aka fara. Rana ta sauko kan ganuwa, inuwa ta yi tsawo, ƙwallo tana ɗingishinta, baƙin suna kai mata ƙafa tana kuɓuce musu suna dariya. Balbelu su tashi, su sake sauka. Wani ya zura ƙwallo ta faɗa cikin kabewa, Gwaggo Asabe ta bi shi da masifa da Hausa, shi kuma yana ba ta haƙuri da Faransanci. Kan ganuwa cike da mutane, amma ba ihu. Kowa ya yi shiru kamar mai tsoron a tashe shi daga barci.

Na sunkuya kusa da Alhaji na ce, "Baba, ga shi ka gan su a ƙofar gidanka."

Ya ce, "Na gan su. Amma kada ka ruɗe ni, Sule, wannan ba wasan ba ne. Ba wanda yake neman ya ci wani."

Gaskiya kuwa ya faɗa.

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsu. Can ya ce, "Tashe ni zaune. Sauke mini ƙafa."

Na tallabe shi, Malam Yusha'u ya riƙe bayansa. Na sauke ƙafar dama na ɗora ta a kan ciyawa. Ya jira. Ya ce, "Ban ji komai ba. Kawo ɗayar."

Na sauke ta hagu. Ya motsa yatsunsa a cikin ciyawar a hankali, ya sake motsawa. Da hantsi na ba ta ruwa, har lokacin da sauran sanyi a gindinta. Sai a lokacin na lura cewa mutumin nan, da ya ƙarar da ƙarfinsa da ɗinkinsa a kan ƙwallo, bai taɓa buga ta ba, bai kuma taɓa sa ƙafa a filin ciyawa ba, ko da takalmi.

Ya ce, "Af. Ashe haka take." Ya ɗaga kai ya dubi yaranmu, hawaye yana bin gefen fuskarsa. "Ashe shekara da shekaru a kan dutse na sa 'ya'yan mutane suna gudu. Sule, kada ka bar ta ta mutu."

Bai ɗauke ƙafar ba har aka kira magariba, baƙi suka sa takalmansu suka koma mota.

A Kaduna mun ci su da ƙyar. A garinsu muka riƙe su canjaras, muka wuce. Zagaye na gaba wata ƙungiya daga arewacin Afirka ta yi mana dukan kawo wuƙa, muka dawo gida, ba mu kuma sake kaiwa can ba. Alhaji duk a rediyo ya ji, gadonsa yana kallon fili. Ya ƙara 'yan shekaru a duniya, kusan kullum bayan la'asar sai an fito da shi ya sauke ƙafar hagu, ni kuma ban bar ciyawar ta mutu ba yana raye.

Mai duba filin nan gaskiya gare shi, kuma daga gare shi na koyi a daidaita ƙasa kafin a dasa, a kuma san irin takin da ake zubawa. Shi ya sa nake matsa muku a kan waɗannan biyun har kuke ce mini tsohon masifa a bayan ido. Amma akwai abin da ba a rubuta a ƙa'idar aiki ba. Yawancin mutanen da fili yake tsayawa a kan wuyansu, masu ɗebo masa ruwa da masu share shi da masu gadinsa da iyayen da suke turo masa 'ya'yansu, har su mutu ba sa taka shi. Saboda haka in kun gama yanka da yamma, kuka ga tsohon mai gadi ko mai shara ko uban wani ya tsaya a bakin layi ya ƙura wa ciyawa ido, kada ku daka masa tsawa. Ku ce ya cire takalmi ya shigo.